Martin Luther King: Faston da Ya Ƙi Yin Shiru, Ya Kuma Ƙi Ramuwa

Da yawa daga cikinmu mun san sunan Martin Luther King a matsayin ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata a ƙasar Amurka. Abin da akan manta shi ne, mutumin nan fasto ne na ikkilisiyar Baftis, ɗan fasto, kuma jikan fasto. A mumbari ya koyi magana, a cikin majami'u aka shirya yawancin tarukan da ya jagoranta, da addu'a da waƙoƙin yabo ake buɗe su. Shekara 39 kaɗai ya yi a duniya. Rayuwarsa ta tsaya a kan wata tambaya da mu ma muka san nauyinta: idan aka zalunci mai bi saboda yadda Allah ya halicce shi, me zai yi? Wasu sukan ce a yi shiru a bar wa Allah. Wasu sukan ce a rama. King ya ƙi hanyoyin nan biyu, ya bi ta uku, ita ce kuma ta ci ransa.

Ƙasar da aka haife shi

Tun shekarar 1619 aka fara sauke 'yan Afirka a yankin Bajiniya na Amurka ta Arewa, bauta kuwa ta ci gaba har 1865, lokacin da aka haramta ta bayan yaƙin basasa. Amma 'yanta bayi bai kawo daidaito ba. Jihohin kudancin ƙasar suka kafa dokokin wariya da ake kira Jim Crow: makarantar farar fata daban, ta baƙar fata daban, haka asibiti, gidan abinci, famfon shan ruwa, har maƙabarta. A 1896 Kotun Ƙoli ta amince da wannan tsari, bisa hujjar cewa rabuwa ba laifi ba ce muddin kowa yana samun daidai da na kowa. A aikace kuwa ba a taɓa yin daidai ba. Aka toshe wa baƙar fata hanyar jefa ƙuri'a da harajin zaɓe da jarrabawar karatu. Wanda ya ɗaga kai, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan da makamantansu sukan ƙone gidansa ko su rataye shi, ba kuma wanda za a hukunta.

Abin baƙin ciki shi ne, masu yin waɗannan abubuwa da yawansu masu zuwa sujada ne ran Lahadi. Akwai masu wa'azi da suka murɗe Farawa sura 9, suka ce la'anar Nuhu ta faɗa wa baƙar fata, alhali nassin ya ambaci Kan'ana ne, bai kuma yi maganar launin fata ba. A 1845 Baftis na kudu suka rabu da na arewa a kan batun mallakar bayi. Baƙar fata da aka hana su zama tare da sauran masu bi suka kafa nasu ikkilisiyoyi, kamar wadda Richard Allen ya jagoranci kafawa a Filadelfiya a 1816. A can ne kaɗai mutumin da ake kira yaro duk mako, ko da furfura a kansa, yakan zama dattijo mai daraja. A can suka riƙe labarin Fitowa, suna gaskata cewa Allahn da ya ji kukan Isra'ila a Masar yana jin nasu.

Haihuwa da karatu

An haife shi ran 15 ga Janairu, 1929, a birnin Atlanta na jihar Jojiya. Sunansa na yanka Michael, kamar na mahaifinsa. A 1934 mahaifin ya je taron Baftis na duniya a Jamus, bayan dawowarsa ya mai da sunansa da na ɗansa Martin Luther, sunan jagoran gyaran ikkilisiya. Mahaifin shi ne faston ikkilisiyar Ebenezer, wadda kakansa na wajen uwa ya yi wa hidima kafin shi. Mahaifiyarsa, Alberta, ita ce mai kiɗa a majami'ar.

Gidansu ba na matalauta ba ne, duk da haka wariya ba ta tsallake shi ba. Yana ɗan shekara shida, mahaifin wani abokin wasansa farar fata ya hana yaron sake wasa da shi. Iyayensa suka zaunar da shi suka bayyana masa yadda ƙasar take, suka kuma koya masa cewa bai gaza kowa daraja ba, kuma wajibinsa ne na Kirista kada ya ƙi kowa.

Yana ɗan shekara 15 ya shiga kwalejin Morehouse, inda shugabanta Benjamin Mays ya nuna masa cewa fasto yana iya haɗa ilimi mai zurfi da wa'azi mai rai. An naɗa shi fasto a 1948, yana da shekara 19. Ya yi makarantar tauhidi ta Crozer a jihar Pensilbaniya ya gama a 1951, sa'an nan ya sami digirin digirgir a tauhidi daga jami'ar Boston a 1955. A lokacin karatun nan ne ya yi nazarin yadda Mahatma Gandhi ya tsaya wa mulkin Ingila a Indiya ba tare da makami ba. Ya ga cewa Wa'azin kan Dutse ya ba da ruhun abin, Gandhi kuwa ya nuna dabarar aikata shi a tsakanin jama'a masu yawa. A 1953 ya auri Coretta Scott, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. A 1954 ikkilisiyar Dexter Avenue da ke birnin Montgomery a jihar Alabama ta kira shi ya zama fastonta. A shekarar ce Kotun Ƙoli ta yanke cewa raba makarantu bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki, sai dai jihohin kudu suka yi kunnen uwar shegu da hukuncin.

Kwana 381 ana tafiya da ƙafa

A Montgomery, baƙar fata su ne mafi yawan masu shiga motocin bas, amma dole su zauna a baya, su kuma tashi su ba farar fata wuri idan gaba ta cika. Ran 1 ga Disamba, 1955, wata mai ɗinki, Rosa Parks, sakatariyar reshen ƙungiyar NAACP mai kare haƙƙin baƙar fata, ta ƙi tashi, aka kama ta. Matan garin, ƙarƙashin malama Jo Ann Robinson, suka kwana suna buga takardun kira ga jama'a su ƙaurace wa motocin. Ran 5 ga wata motocin suka yi ta yawo kusan babu kowa a ciki. A ranar aka zaɓi King, yana da shekara 26, ya shugabanci tafiyar. Ɗaya daga cikin dalilan zaɓensa shi ne baƙo ne a garin, bai riga ya shiga rigingimun shugabanni ba.

Mata masu aikin gida da tsofaffi suka riƙa taka ƙasa zuwa wurin aiki cikin sanyi da ruwan sama. Ikkilisiyoyi suka haɗa motoci suna ɗaukar mutane. Da yamma a taru a majami'a a yi waƙa, a yi addu'a, a ba da baiko don man mota. King kuwa barazana ta yi masa yawa ta waya, har wani dare a ƙarshen Janairu 1956 tsoro ya rufe shi. Ya zauna shi kaɗai a ɗakin girki ya faɗa wa Allah cewa ƙarfinsa ya ƙare. Daga baya ya sha ba da shaida cewa a daren ne ya ji tabbacin kasancewar Ubangiji tare da shi yadda bai taɓa ji ba.

Kwana uku bayan haka, ran 30 ga Janairu, aka jefa bam a gidansa, matarsa da jaririyarsu suna ciki. Allah ya tsare su. Kafin ya iso, taron jama'a cikin fushi ya cika ƙofar gidan, wasu da bindigogi, 'yan sanda farar fata suna tsaye a tsakiyarsu. Da ya ɗaga murya kaɗan, da jini ya kwarara a daren. Sai ya tsaya a ƙofar gidan da aka fasa, ya roƙi mutane su mai da makamansu gida, ya tuna musu umarnin Yesu game da ƙaunar maƙiyi. Taron ya watse. Ya kamata mu sani cewa bai iso wannan matsayi a rana ɗaya ba. Bayan harin ya nemi izinin riƙe bindiga, hukuma ta hana shi, akwai kuma masu gadi da makamai a gidansa na ɗan lokaci. Da ya ƙara tunani, tare da shawarar abokan aiki irin su Bayard Rustin, ya ga ba zai iya kiran jama'a ga hanyar salama yana ajiye da bindiga ba, sai ya sa aka fitar da makaman.

A Nuwamba 1956 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wariya a motocin bas haramun ce. Ran 21 ga Disamba, King da abokansa suka shiga bas suka zauna a kujerun gaba.

Afirka ta ƙarfafa shi

A 1957 shi da wasu fastoci, ciki har da amininsa Ralph Abernathy, suka kafa ƙungiyar shugabannin Kirista ta kudu, wadda aka fi sani da SCLC. A Maris na shekarar ya je Akara bisa gayyatar Kwame Nkrumah, ya ga an sauke tutar Ingila an ɗaga ta Gana. Da ya koma ya yi wa ikkilisiyarsa wa'azi a kan abin da ya gani, yana kwatanta shi da fitowar Isra'ila daga Masar. A Nuwamba 1960 ya zo Legas don bikin rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar na Nijeriya. Ganin baƙar fata suna mulkin ƙasashensu ya canza yadda jikokin bayi a Amurka suke kallon kansu. Waɗanda aka koya musu jin kunyar Afirka suka fara alfahari da ita.

Tafiyar ba ta zama nasara kullum ba. A 1958 wata mata mai taɓin hankali ta soke shi a ƙirji a birnin New York, da ƙyar likitoci suka ceto shi. A garin Albany na Jojiya, tsakanin 1961 da 1962, an yi ta zanga-zanga ana cika kurkuku amma ba a sami wani abin a-zo-a-gani ba, domin an nemi gyara kome a lokaci ɗaya, shugaban 'yan sandan garin kuma ya yi wayo bai bari a ga duka a fili ba. King ya koyi darasi: a zaɓi buƙata ɗaya bayyananna, a horar da mutane sosai kafin a fita.

Birmingham da wasiƙa daga kurkuku

A 1963 wani fasto jarumi, Fred Shuttlesworth, ya gayyace shi birnin Birmingham na Alabama, garin da aka sha tayar da bam a gidaje da majami'un baƙar fata. Kafin mutum ya shiga zanga-zanga sai an koya masa yadda zai jure zagi da duka ba tare da ya ɗaga hannu ba, ya kuma sa hannu a takardar alkawari wadda ta haɗa da yin tunani kullum a kan koyarwar Yesu. Wanda ya san ba zai iya ba, akan ba shi wani aiki.

Ran Jumma'a Mai Kyau, 12 ga Afrilu, aka kama King saboda ya ƙi bin umarnin kotu da ya hana fita. Yana tsare sai ya ga wata sanarwa a jarida wadda shugabannin addini takwas farar fata suka sa wa hannu, suna cewa zanga-zangar ba ta dace ba, lokacinta kuma bai yi ba, a bar wa kotuna. Waɗannan ba 'yan Ku Klux Klan ba ne, mutane ne da ake gani masu sassauci. Ya fara rubuta musu amsa a gefen jaridar da guntayen takardu. A cikin wasiƙar ya nuna cewa mutanensa sun yi shekara fiye da 340 suna jira. Ya bambanta doka ta adalci, wadda dole a bi, da dokar zalunci wadda take ƙasƙantar da mutum, ya kawo misalin Shadrak da Meshak da Abed-nego da Kiristocin farko. Ya ce wanda zai ƙi bin dokar zalunci, sai ya yi a fili, cikin ƙauna, a shirye ya karɓi hukuncin. Abin da ya fi yi masa ciwo, in ji wasiƙar, shi ne shirun ikkilisiyar farar fata da mutanen kirki waɗanda suka fi son kwanciyar hankali a kan adalci.

A farkon Mayu ɗaruruwan 'yan makaranta suka fito daga majami'a suna waƙa. Kwamishinan tsaro na garin, Bull Connor, ya sa aka sake musu karnuka, aka buɗe musu mesar 'yan kwana-kwana mai ƙarfin kayar da babba. Hotunan suka zaga duniya. An zargi King da jefa yara cikin haɗari, zargin kuma yana da nauyi. Amma a nan ne hikimar hanyarsa ta bayyana: tun da masu zanga-zangar ba su rama ba, babu wanda zai iya cewa faɗa ne tsakanin ɓangare biyu. Kowa ya ga mai duka, ya ga wanda ake duka. Ran 10 ga Mayu 'yan kasuwar garin suka yarda su cire wariya a shagunansu.

Ran 28 ga Agusta, mutane wajen 250,000, baƙi da farare, suka taru a Washington, inda King ya yi jawabinsa da ya fi shahara, yana bayyana begensa na ranar da za a auna 'ya'yansa da halinsu maimakon launin fatarsu. Kwana 18 bayan haka, ran Lahadi 15 ga Satumba, bam ya tashi a majami'ar Baftis ta titi na 16 a Birmingham, ya kashe 'yan mata huɗu da suke shirin shiga sujada. King ya yi wa'azi a jana'izar uku daga cikinsu. Bai sassauta wa masu laifin da masu shiru ba, duk da haka ya roƙi masu makoki kada su bar ɗacin rai ya mallake su.

Dokoki biyu

Ran 2 ga Yuli, 1964, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a da wajen ɗaukar aiki. A Disamba aka ba King lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, yana da shekara 35, ya ba da kuɗin duka ga aikin. Saura batun ƙuri'a. A garin Selma na Alabama, baƙar fata kaɗan ƙwarai ne aka bari suka yi rajista. Bayan da ɗan sanda ya harbe wani matashin dikin mai suna Jimmie Lee Jackson, mutane wajen 600 suka kama hanyar Montgomery da ƙafa ran 7 ga Maris, 1965. A kan gadar Edmund Pettus 'yan sanda suka auka musu da kulake da dawakai da barkonon tsohuwa. King ba ya wurin a ranar, amma ya yi kira ga shugabannin addini na ƙasar duka su zo, suka kuwa zo, farare da baƙi. An kashe ɗaya daga cikinsu, James Reeb, wanda farar fata ne. A ƙarshen watan aka yi tattakin na kilomita 87, mutane wajen 25,000 suka shiga Montgomery. Ran 6 ga Agusta aka sa hannu a dokar kare haƙƙin zaɓe.

Muhawara a cikin gida

Ba dukan baƙar fata ne suka yarda da hanyar King ba. Malcolm X, wanda ya yi suna a ƙungiyar Nation of Islam, yana ganin koya wa wanda ake duka kada ya rama wata sabuwar bauta ce. Ƙungiyar tasa tana da koyarwar da ta bambanta da Musuluncin da muka sani a nan, har tana ɗaukar farar fata a matsayin shaiɗanu. Malcolm ya bar ta a 1964, ya yi aikin hajji, ya ga Musulmi na kowane launi, ya janye wannan ra'ayi. Sau ɗaya tak suka haɗu da King, a Maris 1964, kafin a kashe Malcolm a Fabrairu 1965.

A Yuni 1966, a wani tattaki a jihar Misisipi, matashin shugaban ɗalibai Stokely Carmichael ya ɗaga kiran neman iko ga baƙar fata, matasa suka karɓa da sowa. Sun gaji da binne abokansu. King bai yi watsi da su ba. Ya yarda cewa dole baƙar fata ya daina jin kunyar fatarsa da gashinsa da tarihinsa, ya yarda suna bukatar ƙarfin ƙuri'a da na tattalin arziki. Inda ya tsaya shi ne, ba zai yarda da ɗaukar makami ba, ba zai yarda a kori farar fata masu goyon baya ba, ba kuma zai yarda a maye fifikon wani launi da fifikon wani ba. Darajar baƙar fata a wurinsa ta fito ne daga Farawa 1:27, inda aka nuna an halicci mutum cikin siffar Allah, wannan siffa kuwa tana kan maƙiyinsa ma.

Shekarun ƙarshe

Bayan dokokin nan ya juya ga talauci da matsalar gidaje a biranen arewacin Amurka. A Shikago, a Agusta 1966, aka jefe shi da dutse a ka. Ran 4 ga Afrilu, 1967, ya fito fili ya soki yaƙin Biyetnam, domin ya ga ba zai hana matasan unguwa tashin hankali ya yi shiru a kan na gwamnati ba. Jaridu suka juya masa baya, fadar shugaban ƙasa ta rufe masa ƙofa, wasu abokan tafiya suka janye. Hukumar FBI ta daɗe tana sauraron wayoyinsa tana neman ɓata shi. A rayuwarsa an kama shi kusan sau 30.

A Fabrairu 1968 masu kwashe shara baƙar fata wajen 1,300 suka shiga yajin aiki a birnin Memphis, bayan da motar shara ta murƙushe biyu daga cikinsu. King ya je ya tsaya tare da su. Daren 3 ga Afrilu ya yi wa'azinsa na ƙarshe, ya kwatanta kansa da Musa wanda ya hango ƙasar alkawari daga kan dutse, ya nuna mai yiwuwa ba zai shiga tare da su ba. Kashegari da yamma aka harbe shi a barandar masaukin Lorraine. Wani farar fata, James Earl Ray, ya amsa laifin a 1969. Tarzoma ta ɓarke a birane fiye da 100, abin da King ya yi rayuwarsa yana hanawa. Ran 9 ga Afrilu aka ɗauki gawarsa a kan amalanke wanda alfadarai biyu suke ja, alamar matalautan da ya mutu yana yi wa hidima. A 1974 aka harbe mahaifiyarsa tana kiɗa a majami'ar Ebenezer ran Lahadi, tsohon mahaifinsa kuwa ya ci gaba da shaida cewa ba zai ƙi kowa ba. Tun 1986 Amurka take hutu kowace Litinin ta uku a Janairu don tunawa da shi. A 1995 babban taron Baftis na kudu ya nemi gafarar baƙar fata a fili saboda goyon bayan bauta da wariya.

King ba waliyyi marar aibi ba ne. Masu rubuta tarihinsa, har da na kusa da shi, sun tabbatar bai riƙe amanar aure yadda ya kamata ba. A 1991 jami'ar Boston ta gano ya kwafi sassan aikin wasu a kundin digirinsa ba tare da ambaton su ba. Wasu rubuce-rubucensa na ɗalibta sun nuna shakka a kan koyarwar da muke riƙe da ita, kamar haihuwar Yesu daga budurwa. Ba ma ɓoye waɗannan, kamar yadda Littafi Mai Tsarki bai ɓoye zunubin Dawuda ba. Suna tuna mana cewa Mai Ceto ɗaya ne, kuma baiwa ba ta maye gurbin tsarki.

Abin da za mu ɗauka

Halinmu ba ɗaya ba ne da nasa. Shi ya fuskanci dokokin gwamnati a ƙasar da take da kotuna da jaridu masu iya kunyata azzalumi. Da yawa cikin ikkilisiyoyinmu suna fuskantar maharan dare waɗanda ba sa jin kunyar kowa. Shi kansa King bai la'anci mutumin da ya kare iyalinsa a gidansa ba. Abin da ya ƙi shi ne a mai da makami hanyar neman adalci. Wannan bambanci yana da muhimmanci a gare mu. Tsare ƙauye da sa ido abu ne daban, tare hanya a kashe matafiyi saboda addininsa ko ƙabilarsa abu ne daban. Matafiyin bai kashe kowa ba, jininsa kuma zai yi kuka ga Allah kamar na Habila. Romawa 12:17-21 bai bar mana ƙofar ramuwa ba.

Haka kuma haƙuri na Kirista ba ya nufin rufe baki. Bulus ya nemi haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma a Ayyukan Manzanni 16 da 22. Rubuta sunayen waɗanda aka kashe, kai ƙara kotu, zuwa gaban hukuma da murya ɗaya, yin rajistar zaɓe da fita ranar ƙuri'a, duka aikin masu bi ne. Mutanen Selma sun zubar da jini don katin da wasunmu suke sayarwa saboda mudun shinkafa.

A ƙarshe, wasiƙar Birmingham ga shugabannin addini aka rubuta ta. Kafin mu nuna wa Turawan Amurka yatsa, mu dubi zaɓen shugabanni a majalisunmu, mu dubi wanda muke hana 'ya'yanmu aura ko da mai bi ne, mu dubi majami'un da suka tsage biyu saboda yare. Mu tambayi kanmu ko mukan yi magana sa'ad da wanda aka zalunta ba namu ba ne. Afisawa 2:14 ya koya mana cewa Almasihu ya rushe katangar gaba da jikinsa. Wanda ya sake gina ta, da aikin gicciye yake faɗa.

Ubangiji ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a gaban masu iko, ya tsare hannuwanmu daga jinin marar laifi, ya kuma sa ikkilisiyarsa ta zama gida ga kowace ƙabila da harshe. Amin.